Tambaya da Amsa: Daji Ya Yi Nisa, Harsashi Ya Yi Tsada

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan farauta ne, da alama abin ya daɗe yana cin mutane a rai. Na tsamo guda biyar, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri, yawanci tambayar ɗaya ce da baki daban-daban.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dattijo ne a Aboabo nan Kumasi, farauta gadonta na yi wurin mahaifina. Da can in damina ta ɗauke mukan hau mota mu nufi wajen Ejura ko Atebubu, kwana biyu uku mu dawo da mazo, da gada, wani lokaci har maraya, a ci a gida a ba maƙwabta a sayar da saura. Yanzu wallahi kafin ka taka daji aljihunka ya riga ya huje, harsashi tsada, mota tsada, lasisi tsada, kuma ka je ka dawo da zomo ɗaya ko hannu rabbana. Gwamnati ce ta jawo mana ko 'yan kasuwa? Ko dai farautar manyan namun dawa ta koma ta masu kuɗi kenan mu haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bari in fara da harsashin tunda shi kowa ke kuka da shi. Harsashin da kuke sa wa bindiga mai baki ɗaya, ko mai lambar AA ne ko BB, wato girman ƙwayoyin da ke cikinsa, galibinsa daga waje ake shigo da shi, da dala ake saye, kuma ba kowane ɗan kasuwa ke da izinin shigo da shi ba. To ka tuna abin da ya sami sidi, kuɗinmu na Gana, a 2022, farkon shekarar dala ɗaya wajen sidi 6 take, kafin Nuwamba ta haura 14, a Disamban shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Duk abin da ke hawa jirgin ruwa ya sauka a Tema sai da ya ji a jikinsa. Sidi ya ɗan farfaɗo a 2025, amma ka san halin kasuwa, hawa da sauri, saukowa sai a hankali.

Sai dai Baba ni a ganina ba harsashin ne ya karya ku ba. Maharbi na ƙwarai harsashi nawa yake harbawa a fita ɗaya? Kai ka fi ni sani, wanda ya iya sawu, ya iya iska, ya san mashaya, ba ya ɓarin harsashi. Abin da ya yi tsada shi ne kai harsashin inda naman yake. Dajin da mahaifinka ke shiga da ƙafa yau gonar masara ce, ko kashu, ko an dasa icen katako na tik, ko masu gawayi sun share shi, a kudu kuma koko da galamse, wato haƙar zinare ba izini, sun cinye kurmi sun mai da rafuka ruwan kunu. Hanyar Mampong zuwa Ejura ka leƙa ta taga ka gani, gona ce ke bin gona. Kenan dole ka ƙara gaba, Atebubu, Kwame Danso, ko ka gangara Afram Plains, kowane ƙarin tafiya kuɗin mota ne, in ka sauka kuɗin babur ne da zai shiga da kai ciki, ga abincin kwanaki, ga ɗan gari da zai yi maka jagora don kai baƙo ne, ga gaisuwar odikro, wato mai gari, ko mai ƙasa wadda da can cinya ɗaya ta isa in an dace, yanzu kuwa wasu wuraren kuɗi ake so a hannu tun kafin ka harba komai. Kuma duk wannan kashe kuɗin ko ka samu ko ba ka samu ba ka riga ka biya. Nan asarar take, fitar da aka dawo ba komai. In fita uku ka yi ɗaya ce ta yi albarka, to mazon nan guda shi zai ɗauki nauyin duka ukun, shi ya sa za ka ga ka sayar da shi da tsada har mai saye yana ƙorafi, kai kuma ka dawo gida ka lissafa ka ga ba ka ci komai ba.

Akwai kuma yawan masu neman naman. Wani bincike da ya fito a mujallar Science a 2004 ya duba bayanan gandayen daji shida na ƙasar nan daga 1970 zuwa 1998, ya gano cewa shekarun da kifi ya yi ƙaranci a kasuwa su ne shekarun da maharba suka fi yawa a daji kuma namun suka fi raguwa. Wato abin da ke faruwa a teku wajen Elmina da Tema yana taɓa gada a dawa. Mutane in ba kifi za su nemi wani naman, shikenan.

Batun manyan namun kuwa, gaskiya ɗaya ce ko da ba daɗi. Ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, maraya mai yawa, inda suka rage a ƙasar nan yawanci cikin gandun gwamnati ne irin su Mole da Digya da Bui da Gbele, kuma can ba a harbi, ko kana da kuɗi ko ba ka da shi. Giwa, zaki, damisa, dorina, waɗannan doka ta hana taɓa su a ko'ina kuma a kowane wata, majalisa kuma ta amince da sabuwar dokar namun daji a 2023 wadda hukuncinta ya fi na da zafi. Don haka ba mai kuɗi ne ya saye su ya bar ka ba Baba, kusan ƙarewa suka yi a inda ba gandu ba. Abin da ya rage wa maharbi mai lasisi shi ne mazo, da gada, da gyazbi, da gafiya, da zabin daji, da makamantansu.

Shawarata, ku haɗa kai ku uku ko huɗu ku raba kuɗin mota da na masauki, amma in kun shiga kowa ya yi tasa, don farautar gayya ta taron jama'a da karnuka da ihu doka ta hana. Ku riƙe gari ɗaya inda aka san ku maimakon yau nan gobe can, ɗan garin da ya yarda da kai zai kira ka a waya ya ce kar ka zo yanzu ba komai, wannan kiran kaɗai ya cece ka kuɗin fita guda. Kuma a riƙa rubuta abin da aka kashe. Maharbanmu suna iya tuna inda suka harbi ɓauna shekara talatin da suka wuce amma ka tambayi nawa fitar makon jiya ta ci, sai a hau kame-kame.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Mijina maharbi ne, muna Asawase. Akwai wata mata mai sayar da naman daji da take ba shi harsashi da kuɗin mota bashi, in ya dawo dole ita zai kai wa naman kuma ita ke yanka farashi. Shekara da shekaru bashin nan bai taɓa ƙarewa ba, ni kuma ko tsoka ba na gani a tukunyata. Na yi magana ya ce ban san sana'a ba. Don Allah wannan ciniki ne ko bauta?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Wannan tsarin tsoho ne, ba a kan mijinki aka fara ba. Duk wanda ya taɓa sammako ya je Atwemonom, kasuwar naman daji ta nan Kumasi, ya ga yadda abin yake, motoci na sauke nama tun gari bai gama wayewa ba, ana babbake gashi, ana kankarewa, ana daddatsawa, masu gidajen abinci suna tsaye da bokitansu suna jira. Matan da ke riƙe da kasuwar nan da yawansu gadon sana'ar suka yi wurin iyayensu mata, kuma kowace tana da maharbanta da take ba jari. Kar mu yi musu rashin adalci, su ma suna ɗaukar kasada, in maharbi ya dawo ba komai kuɗinta ne ya kwanta, in nama ya kwana ya fara wari ita ce da asara, a 2014 lokacin tsoron Ebola mutane suka guji naman daji su ne suka fi shan wuya. Kuma banki ba zai ba maharbi rance ba, ita ce ke ba shi, har in yaro ba lafiya ita ake ruga wa.

Matsalar ita ce wanda ya ba ka harsashi shi ke da bakin magana kan nama. Da can da harsashi da mota ke da sauƙi bashin ƙarami ne, fita ɗaya mai kyau ta share shi, yanzu da jarin fita ya kumbura bashin ya fi ƙarfin fita ɗaya, sai ya riƙa hawa kan na baya. Ga abin da zan ce ki yi, kuma ba da faɗa ba, ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi. Ku zauna ku tambayi matar jimillar bashin nawa ne a yau, a rubuta a gaban shaida, don sau da yawa maharbin kansa bai san adadin ba. Sannan a raba abu biyu, bashi daban ciniki daban: ta sayi naman a farashin da ake sayarwa ranar, a cire wani kaso a rage bashi, sauran ya shigo hannunsa. In kina cikin adashi ko susu, ɗauka ɗaya ki saya masa harsashin fita guda da kuɗinku, ranar da ya shiga kasuwa da naman da ba na kowa ba zai ga bambancin farashin da idonsa, ba sai kin ƙara cewa komai ba. Zancen ba ki san sana'a ba kuwa, ki bar shi ya faɗa, ke kika san nawa cefane ke ci.

TAMBAYA: Yaya, ni saurayi ne a Sawaba, ina son farauta amma bindigar kanti da lasisinta sun fi ƙarfina. Abokaina sun ce in sayi ƙirar maƙera, in sa fitilar goshi in shiga da dare, wasu ma magani suke zubawa a gona su kwashe gyazbi da safe ba harsashi ko ɗaya. Meye laifin talaka in ya nemi hanya mai sauƙi?

AMSA: Ƙanena, abokan nan naka ba su ƙaunarka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Bindigar maƙera bakinta bututu ne da ba a yi shi don ya ɗauki ƙarfin harsashin zamani ba, yau ta tashi lafiya gobe ta tashi lafiya, ranar da za ta fashe a hannunka za ta fashe, kusa da fuskarka, kuma kana tsakiyar daji inda asibiti mafi kusa sai an yi tafiyar awanni a kan babur. Ka zagaya cikin tsofaffin maharba ka ƙirga masu yatsu takwas. Ban da haka ƙera ta laifi ne, riƙe bindiga ba rajista laifi ne, in aka tare ku a shingen hanya kuɗin da za ka kashe kafin ka fita daga maganar ya sayi ta kanti da canji.

Takardu biyu ne, mutane suna haɗa su. Lasisin bindiga wurin 'yan sanda ake yi kuma duk shekara ake sabuntawa. Lasisin farauta kuma na sashen namun daji ne na Hukumar Gandun Daji, shi ke faɗin irin dabbar da aka yarda ka harba da adadinta. Gidan zu na nan Kumasi kusa da Kejetia a ƙarƙashinsu yake, ka je ka yi tambaya za a nuna maka inda za ka.

Fitilar dare doka ta hana, haka tarkon ƙarfe mai kama ƙafa, haka cinna wa daji wuta don a koro nama, wannan ma dokarsa daban tun 1990. Kuma da fitila ido kawai kake gani yana ƙyalli, ba ka san mai ciki ba ce, ba ka san mai shayarwa ba ce, wani lokaci ma ba dabba ba ce, ɗan'uwanka maharbi ne ya tsuguna. Maganin gona kuwa ban ma san ta inda zan fara ba. Dabbar da guba ta kashe mushe ce, ka sayar wa mutane mushe mai guba su kai gida su dafa wa 'ya'yansu? Wannan ba talauci ba ne, mugunta ce. In da gaske kana son abin, ka nemi dattijo mai lasisi ka riƙa bin sa kana ɗaukar masa kaya, ka koyi sawu da kashin dabba da yadda ake bin iska, ka tara kuɗinka a hankali. Bindiga ita ce abu na ƙarshe da maharbi ke koya.

TAMBAYA: Malam ina gani a Facebook Turawa suna ɗaukar hoto da giwa ko zaki da suka harbe a Afirka, ana cewa da izinin gwamnati. Mu kuma a kama mu kan gada. Wannan ba wariya ba ce? Ɗalibi daga Tafo.

AMSA: Ɗana, haushinka yana da tushe amma ka haɗa ƙasashe daban-daban a tukunya ɗaya. Hotunan nan yawanci daga Namibiya ne, da Zimbabuwe, da Tanzaniya, da Afirka ta Kudu, ƙasashen da suka mai da farautar baƙi sana'ar shigo da dala. Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. A 2014 an yi gwanjon izinin harbin baƙin karkanda guda ɗaya na Namibiya a Amurka, ya tashi dala 350,000. Zakin nan Cecil da aka kashe kusa da gandun Hwange a Zimbabuwe a 2015 har duniya ta ɗauka, rahotanni sun ce wajen dala 50,000 aka biya. Kenya ta hana irin wannan farautar tun 1977. Botswana ta hana a 2014 ta dawo ta buɗe a 2019 saboda giwayenta sun haura dubu ɗari suna shiga gonakin mutane. Nan kusa da mu Burkina Faso da Benin ma suna da yankunan da baƙi ke biya su yi harbi, kafin rashin tsaro ya durƙusar da harkar a gabashin Burkina. Gana ba ta cikin wannan kasuwar, Bature ma in ya harbi giwa a Mole kamawa za a yi.

Masu goyon baya suna cewa kuɗin yana biyan masu gadin daji kuma wani kaso yana zuwa ƙauyuka, kamar shirin CAMPFIRE na Zimbabuwe da aka fara a ƙarshen shekarun 1980, da tsarin Namibiya na 1996 da ya ba al'ummomi iko kan namun ƙasarsu har ana raba musu naman. Masu suka suna cewa abin da ke isa hannun ɗan ƙauye kaɗan ne, kamfanoni da manya ke kwashe mai tsoka. Ni inda na tsaya shi ne, duk inda aka sa wa dabba farashin dala, ɗan garin da kakansa ke farautarta ya zama ɗan ɗauko kaya ko mai bin sawu a dajin gidansu, wannan kam akwai ciwo. Ko a Amurka ƙananan maharba suna irin kukan nan, wasu dabbobin sai an yi ƙuri'a kafin ka sami izini, in ba ɗan jihar ba ne ka biya ninki-ba-ninki, filaye masu kyau kuma masu kuɗi sun kama haya. Abu ɗaya da suka yi da ya burge ni, tun 1937 suna da harajin da ake ɗorawa kan bindigogin farauta da harsashi, kashi 11 cikin ɗari, kuɗin kuma kula da namun daji yake tafiya, maharbi ya san inda kuɗinsa ya shiga.

Mu a nan abin da ya fi kusa da adalci shi ne tsarin CREMA, inda ƙauyuka ke haɗuwa a ba su iko su tsara dokar dajinsu da kansu, wa zai yi farauta, yaushe, nawa, kamar na Murugu da Mognori a gefen Mole. Sai dai ka lura, wannan ɗan ƙauyen yake karewa, mu 'yan zango da ke tasowa daga birni mun zama baƙin da za su nemi izini, kuma daidai ne.

TAMBAYA: Malam, daga wane wata zuwa wane wata ne aka hana farauta, kuma me mutum zai ci a lokacin? Maharbi daga Moshi Zango.

AMSA: Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, duk shekara, don lokacin ne yawancin namun ke da ciki ko goyo. Gyazbi kaɗai, wato akrante, aka bari a wannan tsakanin, shi ma da lasisi. Wata huɗu ne cur, kuma tunda ka san suna zuwa bai kamata su same ka ba shiri ba.

Ka gwada kiwon gyazbin. Namiji ɗaya da mata huɗu ya isa farawa, keji na bulo ko na waya mai ƙarfi don haƙoransu suna cin katako, abincinsu ciyawar giwa, da karan masara, da rake, da ɓawon rogo, a ɗan ƙara musu dusa. Cikinsu wajen wata biyar ne, sukan haifi uku zuwa biyar, kenan ba kuɗin gaggawa ba ne, shekarar farko kusan duk ciyarwa ce. Ciyawar da aka yanko da raɓa a bar ta ta sha iska kafin a ba su, a kuma tabbata ba daga gonar da aka yi wa feshi ba ce. Ka sayi iri wurin mai kiwo, wanda aka kamo daga daji tsoro gare shi, yana iya dukan keji har ya ji wa kansa ciwo. Kasuwa kuwa ba ka da matsala, masu gidajen fufu suna nema kullum, ga kuma namu mutanen zango da yawa da ke son naman amma suna gudun na kasuwa don ba su san wa ya yanka ba ko an yanka ma. Kai za ka yanka da bismillah a gaban mai saye. Kafin ka gina keji ka fara shawo kan mai gidan haya da maƙwabta, don in ba a share shi kullum warin fitsarinsu zai haɗa ka faɗa da duk gidan.